Rago da Ɗan Jagora

Ramatu, da kuka zo hutu kwanakin baya na ji ki a kicin kina ba 'ya'yanki labarin kakarku, kika ce musu ta koma gida ne saboda Baba ya fifita karen wani Bature a kan ragonta. Kika faɗa da dariya, yaran ma suka yi dariya, ni kuwa ina falo na yi kamar barci nake. Na san ba ke kika ƙirƙiro maganar ba. Haka ke da Sadiku kuka taso kuna jin ta a bakin mutanenmu na Greensboro, ni kuma ban taɓa gyara muku ba, domin a lokacin gyaran ya fi ƙarfin bakina. Yanzu da gemu ya yi fari, gwiwa kuma ta fara yi mini gardama a kan matakala, gara in rubuta yadda abin ya faru. Wanda ya karanta ya ga har yanzu da laifina, to ya gani, amma dai ya gan shi a inda yake. Na farko ma, mutumin ba Bature ba ne, baƙar fata ne kamar ni.

A tsakiyar shekarun casa'in ne muka bar ɗan gidan hayar nan na Glenwood, inda in maƙwabci ya yi atishawa kana iya yi masa addu'a ta bango. Na gama karatu na samu aikin koyarwa, mahaifiyarku Saude tana aikin jinya, sai muka ga lokaci ya yi da za mu mallaki namu. Muka sayi gida a wata sabuwar unguwa ta kudancin gari, kan hanyar Pleasant Garden. Ranar da muka sa hannu aka ce mana mun zama 'yan ƙungiyar masu gidaje. Ni na ɗauka irin ƙungiyarmu ce ta gida, ta zumunci da gudummawar suna. Ashe hukuma ce. Ita ke faɗin launin da za ka shafa wa ƙofarka, da tsawon da ciyawarka za ta kai, da inda za ka ɓoye kwandon shara. Shugabarta wata dattijuwa ce, Misis Darlene, tsohuwar malamar firamare, wadda ko gaishe ka take yi sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba.

A shekarar ne mahaifina ya rasu, bayan an gama takaba na je na taho da Inna. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. Ko a tabarma ɗaya muke zaune, sai ta juya wajen mahaifiyarku ta ce, Saude, ki gaya wa mijinki kaza. Ku kuna ganin abin kamar wasa, ni kuwa da shi na girma, kuma a cikinsa nake jin ƙaunarta. Damuwata ita ce yadda ƙasar nan ta kashe mata jiki. Matar da a gida ba ta zama, daga turken awaki zuwa murhu, daga murhu zuwa gidan barka ko na gaisuwa, sai ga ta a kujerar taga da carbi, tana kallon titin da ba kowa a kai. Ta yi muku magana ku amsa da Turanci. Duk sanyin shekarar ban ji dariyarta ba, kuma kullum na dawo aiki ina jiran ranar da za a ce mini in nemo mata jirgi.

Da Babbar Sallah ta matso, na ce za mu je gona a yanka mana can, kamar yadda sauran 'yan'uwa suke yi. Inna ta ɗago kai daga carbi.

"Saude, ki tambaye shi, ragon da ban ba shi dusa da hannuna ba, ina na san shi da zan yi layya da shi? Mahaifinsa bai taɓa kawo mini nama a leda ya ce Sallah ce ba."

Washegari na kira abokina Ishaya, mutumin Kagoro mai a-kori-kura, wanda bai taɓa fashin cocinsa ranar Lahadi ba, bai kuma taɓa fashin naman Sallarmu ba. Muka je wurin wani manomi a Pleasant Garden muka ɗauko farin rago mai ƙaho, muka ɗaure shi a bayan gida. Ku yarda da ni, a ranar Inna ta dawo duniya. Tun asuba tana waje da zani a ɗaure, tana jiƙa masa dusa, tana share ƙarƙashinsa, tana yi masa faɗa in ya zubar da ruwa. Ta fi yin hira da ragon nan a 'yan kwanakin a kan duk wadda ta yi da mu tun zuwanta. Yaran maƙwabta kuma suka gano shi. Suna zuwa bakin shinge da karas, suna shafa kansa, har suka raɗa masa suna. Inna ta ji daɗin hakan ƙwarai, ta ce ashe 'ya'yan Turawa ma suna da tarbiyya, sun san a taya maƙwabci kiwo.

Ranar Sallah muka sauko daga idi muka yanka shi a bayan gareji. Inna ta barbaɗa wa fatar gishiri, ta shanya ta a kan shingen da ke fuskantar hanyar ƙafa ta unguwa, wai za ta yi buzu. Sannan ta kasa nama a kwanuka ta ce a kai wa maƙwabta, a fara da gidan yaran da suka fi wahala da shi. Ni da nake da digiri uku, na sa babbar riga, na ɗauki kwano, na ƙwanƙwasa ƙofar mutane ina fara'a. Matar gidan ta buɗe, 'yarta tana riƙe da siket ɗinta. Na ce ga naman ragon nan da kuka taya mu kiwo, mun gode. Ƙarar da yarinyar ta ƙwalla, har yau in na tuna sai na ji ta a haƙorina. Kafin la'asar duk unguwar ta san mun cinye abokin yara, ga kuma rigarsa a rataye a shinge.

Aka kira taron gaggawa a ɗakin taron ƙungiya, kusa da wurin ninƙaya. Kalma ɗaya ce take ta yawo a bakin kowa, wai pet. Na daɗe da sanin kalmar, amma sai a ranar na san nauyinta. Da na dawo gida Inna ta sa Saude ta tambaye ni abin da aka ce, na zauna ina neman Hausarta na rasa.

"Wato dabbar da ake ajiyewa ba don nama ba," in ji ni, ina kallon Saude, "ba don nono ba, ba don gadi ko hawa ba."

"To don me?" in ji Inna.

"Don so kawai. A ci da ita, a sha da ita, in ta mutu a yi kuka."

Ta juya wajen Saude.

"Saude, ba su da 'ya'ya ne?"

"Suna da su, Inna," in ji Saude.

"Ikon Allah. Ko kyanwa ai da aikinta." Ta ja carbi, sannan ta ƙara da abin da ya hana ni sukuni shekara guda. "Ki gaya masa, ni dai ba na Sallah a gidan da ba a ɗaure rago ba. In dokarsu ta hana, ya mai da ni inda ya ɗauko ni."

Inna ba ta barazana. Abin da ta faɗa shi take yi. Don haka da aka ce za a kafa kwamitin mutum biyar ya tsara dokar dabbobi, ni na fara ɗaga hannu. Ba ƙaunar dabbobi ta kai ni ba, rago na je karewa, kuma ta bayan rago uwata nake karewa. Muka shafe watanni muna zama. Wasu abubuwan ba su ba mu wahala ba: kare ba ya fita sai da igiya a wuya, mai shi ya kwashe kashinsa, kada haushi ya hana mutane barci. Ranar da na gaya wa Inna cewa an wajabta wa manyan mutane bin kare da leda suna kwashe abin da ya ajiye, ta yi dariyar da har sai da ta share hawaye, ta ce lallai kare ya samu ƙasa. Abu biyu ne suka gagare mu. Ɗaya ragona. Ɗayan kuwa shawarar Misis Darlene ce, cewa duk karen da ya wuce wani nauyi ba zai taka hanyar ƙafa ta unguwa ba, sai dai ya tsaya cikin shingen mai shi. Ba mugunta ta sa ta ba. Wani ƙaton kare ya taɓa kayar da jikarta a hanyar nan ya yage mata kunci, na ga tabon da idona. Ta rantse ba za a sake ba, kuma ba ta yarda a keɓe kowa ba, domin a cewarta in aka buɗe wa kare ɗaya ƙofa, gobe kowa zai ce nasa ma na musamman ne.

Matsalar ita ce Mista Clyde. Dattijo ne da ke zaune shi kaɗai a gidan ƙarshen layinmu. Ya yi shekarunsa yana aiki a masaƙa, ciwon sukari ya tafi da idonsa, matarsa kuma ta riga shi gidan gaskiya. Yana da wani baƙin kare mai girman ɗan maraƙi, horarre, mai wani abin riƙo na fata a gadon baya, shi ke ja masa gora. Kowace safiya su biyu suna bi ta hanyar ƙafar nan, su wuce ta bayan shingenmu zuwa inda bas ke tsayawa, ya shiga gari asibiti ko wurin aski a Elm Street, ya dawo. Babu wata hanyar sai babban titi, wanda ba shi da gefen masu tafiya a ƙasa. Hana karen bin hanyar daidai yake da kulle mutumin a ɗaki. Mutum biyu a kwamitin suna bayan Misis Darlene in an haɗa da ita, biyu suna bayan Mista Clyde, ni ne a tsakiya. Abin haushin, waɗannan biyun masu tausayin makaho su ne suka fi kowa jin zafin abin da na yi wa rago. Ɗaya daga cikinsu tun ranar Sallah ba ta ƙara amsa gaisuwata ba.

Wata Asabar da hantsi ina yankan ciyawa, sai ga Misis Darlene. Ta jira na kashe injin.

"Farfesa, na yi tunani a kan tumakinka," in ji ta. Kullum tumaki take cewa, kamar garke na tara. "Na san abin addini ne, kuma na san don mahaifiyarka kake yi. Za a iya rubuta cewa dabbar gona tana iya baƙuntar gida na 'yan kwanaki sau ɗaya a shekara, muddin ba a yanka a idon jama'a ba, ba a kuma shanya komai a shinge ba. Mu biyu da kai, mun isa."

"Maganar karnuka fa?"

"Ita ma mu biyu da kai, mun isa."

Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, da ta juya na ji wani sanyi a raina, irin na wanda ya daɗe da kaya a ka aka ce ga inda zai sauke. Na ce wa kaina ai ni Musulmi ne, ba ni da haɗi da kare. In ya lashi tufata sai na wanke, in ya shiga gidana Inna ba za ta ƙara salla a ɗakin ba. Wa zai zarge ni don na ƙi tsaya wa kare? Na kuma ce wa kaina ai akwai dokar ƙasa mai kare naƙasassu, in an matsa wa mutumin ya je kotu. Wannan tunanin na biyu shi ya kai ni wurinsa, don in ji daga bakinsa cewa zai je, in samu in yi barci.

Na same shi a bencin jiran bas, karen yana kwance a ƙafarsa. Na yi sallama daga nesa, domin da alwalata.

"Matso mana, Farfesa," in ji shi. "Ba zai kula ka ba, yana bakin aiki. Ko nama ka riƙo ba zai ɗaga kai ba." Ya yi murmushi. "Af, na manta, kai da maganar nama ba a shiri a unguwar nan."

Na zauna a ƙarshen bencin. Ya ce shi a gona ya tashi, kuma kukan ragon nan da asuba ya tuna masa gidan kakarsa, ya so a ce an kawo masa kwanonsa. Na ji kunya, domin bayan ihun yarinyar nan ban ƙara ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Sai na kawo maganar kotu.

"'Yata ma haka ta ce," in ji shi. "Ta ce lauya zai ci su da yaƙi. Amma ka ga, ɗana, na yi rigima da yawa a rayuwata don a bar ni in shiga wurare. Na gaji. Ba zan kai maƙwabtana gaban alƙali don su yarda in wuce ta bayan gidajensu ba, sannan in riƙa wucewa kullum ina jin shirunsu. In ba a so mu, zan sayar in koma gidan tsofaffi kusa da ita. Sai dai can ba sa karɓar irinsa." Ya sa hannu ya lalubo kunnen karen. "Sai a ba wani makahon."

Bas ya zo, karen ya miƙe ya kai shi daidai ƙofa, suka hau. Na koma gida da kaya fiye da wanda na fito da shi.

Ana gobe zaman ƙarshe, muna cin tuwo da magariba, na zayyana wa Saude komai da ƙarfi yadda Inna za ta ji. Na faɗi tayin Misis Darlene, na ce in na bi ta rago ya samu, sai dai manyan karnuka za su bar hanya. Saude ta ce wallahi abin ba fair ba ne, babu adalci ta kowane gefe. Inna ta gama lomarta, ta suɗe hannu.

"Saude, har da ɗan jagoran makahon nan?"

"Karen, Inna," in ji ni. Na manta kaina na amsa mata kai tsaye.

Ba ta dube ni ba.

"Ɗan jagora na ce. Kullum ina ganinsu ta taga. Kare ba ya zuwa bakin titi ya tsaya ya duba gabas da yamma. Kare ba ya ganin reshe a sama ya kauce don kan wani. Jikin dai na kare ne, kada ya kuskura ya taka mini tabarma."

Saude ta yi ƙarfin hali ta ce, "To Inna, me kike ganin ya kamata ya yi?"

"Ni na san dokar Turawa? Shi ne mai gemu a kwamiti. Maganata ta rago kuwa na faɗa tun bara, ba ta canja ba."

Ta tashi ta tafi alwala. Kun ga irin uwar da Allah ya ba ni. Ba ta sauƙaƙa mini ta kowane ɓangare ba. Ta ɗauke sunan da nake fakewa a bayansa, ta ba abin sunansa na gaskiya, sannan ta bar farashin yadda yake. Da ta ce kare ne, da na bi Misis Darlene hankalina kwance. Da ta ce ta yafe rago, da na bi makaho ina taƙama. Na yi fushi da ita a ranar, fushin da ba ni da bakin faɗa.

Ɗakin taron ya cika, domin an bar kowa ya zo ya saurara. Mista Clyde yana can baya kusa da ƙofa da karensa. Da aka zo kaina, Misis Darlene ta dube ni ta saman tabarau kamar ɗalibin da ta riga ta ba amsa. Na tashi. Na ce musu a harshenmu ba mu da kalmar pet, kuma rashinta ne ya jawo mini abin da ya jawo bara, ina ba yaran haƙuri. Amma muna da wata kalma da ban ji irinta a wurinsu ba, sunan wanda ke riƙe wa makaho sanda ya shige gaba. Na faɗe ta da Hausa, na ce farkonta ɗa ne, kamar ɗan da mutum ya haifa. A wurinmu ba a gayyatar makaho a ce ɗan jagoransa ya tsaya a waje, ba a kuma auna shi a sikeli kafin ya wuce. Na ce dokar Misis Darlene ta zauna a kan dabbar da ake ajiyewa don so, ina bayanta, tabon jikarta ya isa hujja. Amma dabbar da aka horar ta zama idon wani, ko kunnensa, ko hannunsa, a rubuta ta a wani babi dabam, ta bi mai ita duk inda ƙafarsa ta isa ta taka. Aka kaɗa ƙuri'a, uku da biyu, maganata ta wuce.

Sai aka zo kan rago. Misis Darlene ta karanta cewa an haramta ajiye dabbar gona a unguwa ko da na yini ɗaya ne. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube ni ba. Hannu huɗu suka tashi, har da na mutum biyun da na gama tsaya wa yanzu-yanzu. Nawa kaɗai ya rage a kan cinya. Daga baya na ji Mista Clyde ya ce a ba shi dama ya yi magana a kan ragon, aka ce masa an rufe babin. A mota na daɗe ban tayar da injin ba. Ban ji kamar wanda ya yi abin kirki ba, na ji kamar ɗan da aka aika kasuwa ya dawo hannu wofi.

Labari ya bazu cikin 'yan'uwanmu, kuma kafin ya zagayo ya riga ya zama yadda kuka gaje shi. Wani Alhaji ya tare ni bayan Juma'a ya ce ashe boko yana kai mutum har nan. Wani lauya kuma, bayan shekaru, ya ce mini ai ko da na bi Misis Darlene dokarta ba za ta tsaya a gaban alƙali ba, na yi asarar rago a banza. Wataƙila gaskiyarsa. Sai dai shi bai zauna a bencin nan ba, bai ji muryar mutumin da ya gaji da neman izinin wucewa ba. Mista Clyde ya zauna a gidansa har ƙarshen ransa, yana wucewa ta bayan shingenmu kowace safiya. Sauran kuma kun sani. Inna ta tafi bayan Sallar da ta biyo baya, ba ta dawo ba, ba ku ƙara ganinta ba, ni ma sau ɗaya na ƙara. Wannan rashin ni na jawo muku shi da hannuna, kuma har gobe yana yi mini ciwo. Abin da ba ku sani ba shi ne abin da ya faru da yammacin Sallar, lokacin kuna gidan su Ishaya.

A gona muka yi yanka, ni da 'yan'uwa. Inna ta ƙi zuwa, ta ce ba ta gaisawa da rago ranar mutuwarsa. Na kawo naman a cikin kula na ajiye a kicin, ina jiran ta ƙi taɓa shi. Sai ta ɗaura zani ta zauna a ƙasa da wuƙa da faranti, ta shiga kasawa. Ta ware na gida, ta ware na 'yan'uwa. Sannan ta zaɓi tsoka mai kyau ta cinya ta ƙulle a leda. Ta ɗauko babban ƙashin ƙafa, wanda da sauran nama a jikinsa, ta ƙulle shi a wata ledar dabam. Ta tura su gaban Saude.

"Ki ba shi ya kai gidan ƙarshen layi. Wannan na mai gidan ne. Wannan kuma na ɗan jagora. Ya faɗa wa mai gidan da baki, kada a haɗa."

Saude ta ce, "Inna, ai da an sa a leda ɗaya, shi zai ba shi."

Inna ta ci gaba da goge wuƙa a bakin faranti. Da ta yi magana, muryarta ba ta canja ba.

"Mahaifina makaho ne. Igiya yake tufkawa. Tun ban fi tsayin sandarsa ba ni ke kai shi kasuwa, ni ke dawo da shi, har aka yi mini aure. Duk inda muka shiga sai a ce sannu Malam, a kawo masa ruwa, a kawo masa fura. Shi yake rage mini. Ba wanda ya taɓa miƙo mini nawa dabam."

Na tsaya da leda biyu a hannu. Ina da shekara arba'in da wani abu, ban taɓa sanin kakana makaho ba ne. Ya rasu kafin a haife ni, kuma ɗan fari ba ya zama hira da uwarsa balle ya ji irin wannan. Na juya zan fita, na kai bakin ƙofa, sai na ji ta ce:

"Saude, ki gaya masa bai yi laifi ba. In ya dawo kuma, ya nemo mini jirgi."